Yadda Za Ka Auna Hukuncin da Ake Karantowa a Ƙarshen Shirin 'Yan Sandan Hanya na Birtaniya

Shirye-shiryen talabijin da kyamara ke bin 'yan sandan hanya na Birtaniya, irin su Traffic Cops da BBC ta fara nunawa a 2003, da Road Wars na tashar Sky, da Police Interceptors da Channel 5 ta ƙaddamar a 2008, kusan tsarinsu ɗaya ne. A yi minti goma ana tsere, jiniya na kuka, jirgi mai saukar ungulu na haska gonaki, a ƙarshe a zaƙulo direban daga bayan shingen gidan wani a sa masa ankwa. Sai mai sharhi ya faɗi abin da kotu ta yi masa cikin daƙiƙa goma: tarar fam 120, ko an hana shi tuƙi na wata 12, ko ma ba a tuhume shi da komai ba. Guntayen waɗannan shirye-shirye suna yawo a Facebook da TikTok da YouTube, kuma a nan ne ran mai kallo ke ɓaci, ya ce ƙasar ba ta hukunta mai laifi.

Wani lokaci yana da gaskiya. Sai dai ba a gane haka daga zafin tseren da aka nuna, da lissafi ake ganewa. Alƙalan Ingila da Wales suna aiki ne da jadawalin hukunci a rubuce, wanda Majalisar Tsara Hukunci da aka kafa a 2010 take fitarwa, kuma doka ta wajabta musu bin sa sai idan bin zai saɓa wa adalci. Kowa zai iya buɗe shi a intanet. Wanda ya san matakan zai iya ɗaukar wancan layi ɗaya na ƙarshen shiri ya warware shi, ya gane ko alƙali ne ya yi sako-sako, ko doka ce ta ɗaure masa hannu, ko kuwa hujja ce ta rushe tun kafin a je kotu.

Fara da ƙasa da shekara

Ka tabbatar da inda aka ɗauki hoton. Idan motoci suna bin hannun hagu, lambar gaba fara ce ta baya kuma rawaya, motar 'yan sanda tana da zanen murabba'i shuɗi da rawaya, to Birtaniya ce. Guntayen Cops ko Live PD na Amurka ne, inda kowace jiha take da dokarta, kuma abin da ke cikin wannan bayani bai shafe su ba. Ko a cikin Birtaniyar, Sikotland da Ireland ta Arewa suna da nasu kotunan. Misali, iyakar giya ga direba a Ingila da Wales maikirogiram 35 ce a cikin mililita 100 na numfashi, a Sikotland kuwa 22 ce tun Disamban 2014.

Shekara ta fi komai muhimmanci, domin tashoshin suna maimaita tsofaffin shirye-shirye, masu yanko guntaye kuma ba sa sa kwanan wata. Akwai dabara: dubi lambobin motocin da ke wucewa. Tun 2001 lambar Birtaniya tana farawa da haruffa biyu, sai alƙaluma biyu masu nuna lokacin rajista. Motar da aka yi wa rajista daga Maris tana ɗauke da shekarar kanta, wadda aka yi wa daga Satumba kuma ana ƙara 50. Wato 19 na nufin Maris zuwa Agustan 2019, 72 kuma Satumban 2022 zuwa Fabrairun 2023. Lambar da ta fi sabunta a hoton ita ce za ta nuna maka cewa ba a ɗauke shi kafin wannan lokaci ba. Wannan yana da amfani saboda dokokin sun sha canzawa. Kashe mutum ta hanyar tuƙin ganganci, iyakar hukuncinsa ɗaurin shekara 14 ne har zuwa 28 ga Yunin 2022, daga ranar ya koma ɗaurin rai-da-rai. Ana hukunta mutum ne da iyakar da ke aiki ranar da ya aikata laifin.

Rubuta laifin da aka same shi da shi, ka ajiye abin da idonka ya gani

Wannan ne matakin da mafi yawan masu kallo ke tsallakewa. Ka dakatar da bidiyon a wurin da mai sharhi yake bayanin sakamako, ka rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su. An kama shi bisa zargi daban ne da an tuhume shi, an tuhume shi kuma daban ne da an same shi da laifi. Tsakanin kamu da kotu akwai hukumar gabatar da ƙara ta CPS, wadda a manyan laifuka take yin tambaya biyu kafin ta amince da tuhuma: shin hujjar da ke hannu za ta iya kai wa ga samun mutumin da laifi, kuma shin gurfanar da shi maslahar jama'a ce? Idan ta farko ta faɗi, ba a zuwa ta biyu.

Inda shari'ar tsere ta fi rushewa shi ne tambayar wa ke tuƙi. Mota ta tsaya a lungu, ƙofofi huɗu sun buɗe, mutum huɗu sun watse cikin duhu. An kama uku. Kowa a caji ofis ya ce ba zai ce komai ba. Idan kyamarar motar 'yan sanda ba ta ɗauki fuskar wanda ya fito daga kujerar direba ba, sai a dogara ga zanen yatsa a sitiyari ko ƙwayar halitta a jikin jakar iskar da ta fashe, kuma lauya zai ce ai yaron ya taɓa shiga motar jiya. Akwai sashe na 172 na Dokar Zirga-zirgar Hanya ta 1988, wanda ya tilasta wa mai motar ya faɗi wanda ya tuƙa ta. Amma hukuncin ƙin faɗi maki 6 ne na laifi da ake rubutawa a lasisi da tarar da ba ta wuce fam 1,000 ba. Mutumin da ke fuskantar ɗauri ya san wanne ya fi masa sauƙi. Don haka idan ka ji an yi tseren mil 110 a awa, kusan kilomita 177, amma sakamakon maki 6 ne kawai, ka fara zargin wannan kafin ka zargi alƙali.

Haka batun giya. Na'urar da ake hura wa a bakin titi ta gwaji ce kawai, kotu ba ta hukunci da ita. Hujja ita ce babbar na'urar caji ofis, inda ake hurawa sau biyu a ɗauki ƙaramin sakamakon, kuma bisa al'ada ba a gurfanar da wanda bai kai 40 ba ko da ya wuce 35. Direban da ya hura 44 a titi, aka yi awa guda kafin a isa da shi ofis, yana iya hura 38 a tafi a bar shi. A batun ƙwaya, abin da ake goga wa a harshe a bakin hanya yana nuna tabar wiwi da hodar iblis ne, hujjar kotu kuwa jini ce, wanda dokar da ta fara aiki a Maris 2015 ta sa wa iyakar maikirogiram 2 a lita ga sinadarin wiwi, 10 ga hodar iblis. Idan ma'aikacin lafiya ya kasa samun jijiya, ko ɗakin gwaji ya yi jinkiri har wata 6 suka cika ba a shigar da ƙara ba, shari'ar ta mutu, domin ƙananan laifukan da kotun majistare kaɗai ke saurare suna da wa'adin wata 6.

Ƙullin wiwi ko hoda da aka tsinta a gefen hanyar da aka yi tseren ma sai an tabbatar daga hannun wa ya fito. Kuma mallaka daban, niyyar sayarwa daban. Ta biyun tana bukatar saƙonnin waya, da ma'auni, da ƙananan ledoji, da kuɗi. In babu su, abin da mai kallo ya ɗauka dillanci ne yakan ƙare a gargaɗi.

Abu ɗaya da ke ba mutane mamaki: ƙin tsayawa idan ɗan sanda ya tsayar da kai, shi kaɗai, tara ce kawai, babu ɗauri. Ɗaurin yana zuwa ne daga yadda aka yi tuƙin yayin gudun.

Lissafin ɗauri, mataki-mataki

A ɗauki tuƙin ganganci, laifin da aka fi gani a waɗannan shirye-shirye. Iyakarsa ɗaurin shekara 2. Wannan shi ne rufin ɗaki, ko da mutum ya bi hannun da ba nasa ba a babbar hanya, ya keta danja goma, muddin bai ji wa kowa mummunan rauni ba. Idan ya ji wa wani mummunan rauni, laifin ya canza suna, iyakar ta koma shekara 5.

Jadawalin da ya fara aiki a Yulin 2023 yana sa alƙali ya auna abu biyu. Na farko girman gangancin, mataki A, B ko C. Gudun tsere wa 'yan sanda, da tseren motoci, da daɗewa ana ganganci da gangan, da buguwa mai tsanani, duk suna mataki A. Na biyu ɓarnar da aka yi: rukuni na 1 idan an ji wa wani rauni ko an lalata mota ko dukiya, rukuni na 2 ga sauran. Inda suka haɗu shi ne mafarin lissafi. Mataki A da rukuni na 1 yana farawa daga shekara 1 da wata 6. Mataki A da rukuni na 2 yana farawa daga mako 36, kuma alƙali na iya sauka har zuwa hukuncin yi wa al'umma aiki mai tsauri, ko ya hau har shekara 1 da wata 6.

A ƙaddara direba ya tsere wa 'yan sanda minti takwas cikin gari da dare, aka shimfiɗa masa tabarmar ƙusa tayoyinsa suka sace, aka kama shi bai bugi kowa ba, bai fasa komai ba. Mafari mako 36. Yana da tsofaffin laifukan tuƙi, ga fasinja a motar, sai alƙali ya hau zuwa mako 45. Idan akwai abin sassauci, kamar ƙarancin shekaru ko kula da mara lafiya a gida, a nan ake ragewa. Bayan wannan sai rangwamen amsa laifi, wanda shi ma a rubuce yake: kashi ɗaya cikin uku ga wanda ya amsa a zaman farko, kashi ɗaya cikin huɗu bayan nan, yana raguwa har zuwa kashi ɗaya cikin goma a ranar fara shari'a. Wanda aka kama a gaban kyamara uku ba shi da abin musu, saboda haka kusan kullum a zaman farko yake amsawa, kuma ƙarfin hujja ba ya rage masa rangwamen. Mako 45 ya koma 30.

Sai tambaya ta gaba: a kai shi gidan yari yau, ko a yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka? A shekarun da aka ɗauki mafi yawan waɗannan shirye-shirye, ana iya jingine duk ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba. Alƙali yana duba ko akwai alamar mutumin zai gyaru, ko ɗaure shi zai cutar da waɗanda ke ƙarƙashinsa, ko yana da tarihin bijire wa umarnin kotu. Idan an jingine, yawanci ana haɗa masa da aikin al'umma ba biya, daga awa 40 zuwa 300, ko dokar zaman gida da na'ura a ƙafa. Ya sake laifi cikin wa'adin, ƙa'ida ita ce a ɗora masa tsohon ɗaurin a kan sabon. Mai sharhi yakan taƙaita duk wannan da cewa bai shiga gidan yari ba.

Idan kuma an kai shi, ba mako 30 zai yi a ciki ba. An daɗe ana sakin masu irin wannan ɗauri a rabin wa'adi, su ƙarasa sauran a waje bisa sharaɗi. Daga Satumban 2024, saboda cunkoson gidajen yari, aka mayar da shi kashi 40 cikin 100 ga laifuka da dama. Mako 30 ya zama 15, ko 12. A cire kwanakin da ya yi a tsare kafin hukunci. Idan beli aka ba shi da na'ura a ƙafa da dokar zaman gida ta awa 9 ko fiye a rana, kowace rana ana lissafa ta rabin ranar ɗauri. Ƙa'idojin saki suna cikin abubuwan da gwamnati ta fi taɓawa, don haka ka duba wadda ke aiki a shekarar shari'ar da kake bincike.

Idan laifukan da yawa ne a dare ɗaya, kada ka tara su. Tuƙin ganganci, rashin inshora, rashin lasisi, ƙin tsayawa: alƙali yakan sa babban ya ɗauki nauyin sauran, ƙananan su tafi tare da shi ko a ce babu wani hukunci daban a kansu. Shi ya sa jerin laifuka biyar ke ƙarewa da adadi ɗaya.

Kar ka manta da hana tuƙi, domin shi ne ɓangaren da ya fi daɗewa a jikin mutum. Tuƙin ganganci yana jawo hani na aƙalla wata 12, da wajabcin sake jarrabawar tuƙi mai tsawo, kuma hanin ba ya ƙarewa sai an ci ta. Tun 2015 ana ƙara wa hanin tsawon zaman da mutum zai yi a gidan yari, don kada wa'adin ya ƙare yana ciki. Rangwamen amsa laifi ba ya taɓa hanin.

Idan wanda aka kama bai kai shekara 18 ba, ka ajiye wannan lissafi gaba ɗaya. Kotun yara ce ke sauraronsa, doka ta hana bayyana sunansa, kuma yaron da ya amsa laifinsa na farko galibi ana miƙa shi ne ga kwamitin gyaran hali na wata 3 zuwa 12.

Me ya sa tarar take fitowa ƙarama

Tara a kotun majistare ana ɗaure ta ne da abin da mutum ke samu a mako. Rukunin A rabin kuɗin mako ne, B kuɗin mako guda, C ɗaya da rabi. Wanda ke karɓar tallafin gwamnati ko yake da ƙaramin albashi, ana ɗaukar kuɗin makonsa fam 120. Wanda bai ba kotu bayani ba, ana ƙaddara masa fam 440.

Tuƙi ba inshora yana rukunin C. Ga mara aiki: fam 180, a cire kashi ɗaya cikin uku na amsa laifi, saura fam 120. Wannan shi ne adadin da kake yawan ji. A kansa akwai ƙarin kashi 40 cikin 100 na asusun tallafa wa waɗanda aka zalunta, ƙa'idar da ta fara a Yunin 2022, wato fam 48, da kuɗin shari'a wajen fam 85, da maki 6 zuwa 8. Mai samun fam 600 a mako, laifi ɗaya, zai biya tarar fam 600 bayan rangwame. Abin lura shi ne takardar tara ta nan-take da ɗan sanda ke bayarwa a kan wannan laifi fam 300 ce da maki 6, wato mara aikin da ya je kotu yana iya fita da tarar da ba ta kai ta titi ba. Duk wanda ya san tsadar inshorar matashi a Birtaniya ya san wannan tara ba ta kai kuɗin inshorar ba, kuma masu sukar tsarin suna da hujja a nan. Abin da ke cizo shi ne ƙwace motar: doka ta ba 'yan sanda ikon ɗauke motar da ba ta da inshora nan take, mai ita ya biya kuɗin ja da na ajiya na kowace rana, ya kawo inshora, in ba haka ba bayan kwana 14 a sayar ko a murƙushe ta.

Maki 12 cikin shekara 3 suna jawo hanin wata 6, sai dai idan mutum ya gamsar da kotu cewa hanin zai jefa shi ko wasu cikin wahalar da ta wuce misali. Wanda bai shekara 2 da cin jarrabawa ba, maki 6 sun isa a soke lasisinsa.

Ga tuƙi cikin maye, adadin da aka hura shi ke yanke komai. Daga 36 zuwa 59, tara da hanin wata 12 zuwa 16. Daga 60 zuwa 89, hanin wata 17 zuwa 22. Daga 90 zuwa 119, aikin al'umma da hanin wata 23 zuwa 28. Sai an kai 120 ne mafarin lissafi ke zama ɗaurin mako 12. Wanda aka sake kamawa cikin shekara 10, hanin aƙalla shekara 3 ne. Kwas ɗin gyaran hali yana rage hanin da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Inda sassaucin yake da gaske

Bayan ka yi lissafin, za ka ga mafi yawan hukuncin da ke ba da haushi suna cikin jadawali daram. Wannan bai wanke su ba, ya dai nuna inda matsalar take. Wurin da ya fi rauni shi ne tuƙi bayan an hana mutum. Iyakarsa ɗaurin wata 6. Mutumin da aka kama karo na goma sha biyar ba zai wuce wannan ba, ya amsa laifi ya koma wata 4, ya yi kusan rabi ya fito, a sake hana shi tuƙin da bai taɓa dainawa ba. Irin waɗannan su ne fuskokin da 'yan sandan shirin ke kira da suna tun kafin su buɗe ƙofa. Alƙali ba shi da abin da zai ƙara, majalisar dokoki ce ta sa iyakar.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin tuƙin ganganci da kisa ta hanyarsa. Direba biyu sun yi gudu iri ɗaya a titi ɗaya. Na farko ya wuce makaranta ba kowa a bakin hanya, mafarinsa mako 36. Na biyu yaro ya fito, mafarinsa shekara 12 a mataki A, kuma ana iya kai shi 18 ko fiye. Gangancinsu ɗaya, sakamakon ne ya raba su. Akwai dalili mai ƙarfi na cewa rufin shekara 2 ya yi ƙasa ga wanda ya tsere wa 'yan sanda a cikin unguwa.

Ka kuma riƙa tuna cewa abin da ake nuna maka zaɓaɓɓe ne. Masu ɗaukar hoto suna bin rundunar watanni, su tace abin da ya fi tayar da hankali. Shari'ar da ta fi girma sau da yawa ba ta shiga shirin, ko ta shiga da fuska a rufe, domin Dokar Raina Kotu ta 1981 ta hana watsa abin da zai iya gurɓata shari'ar da ke gudana tun daga lokacin kamu. Rufe fuska ba ya nufin an wanke mutum, ba ya kuma nufin an same shi da laifi. Tashoshin suna taka-tsantsan ne, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar kamfanin labarai na Bloomberg ta 2022 cewa wanda ake bincike kafin a tuhume shi yana da haƙƙin a sakaya sunansa.

Bin diddigin shari'a, da ƙorafi idan ta cancanta

Idan an faɗi sunan gari da na rundunar, ka nemi rahoton a jaridun yankin da shafin rundunar 'yan sandan, ka haɗa sunan titi da laifin da shekarar. Rahoton ɗan jaridar da ya zauna a kotu yakan kawo abin da shirin ya yanke: tsofaffin laifuka, rahoton jami'an gyaran hali, da dalilin da alƙali ya bayar. Kotun majistare ba ta naɗar zamanta, amma ofishinta yana ba da sakamakon shari'ar da ba ta daɗe ba ga wanda ya tambaya da sunan wanda aka gurfanar. A Kotun Crown, wadda ke sauraron manyan laifuka, ana naɗar jawabin alƙali, ana iya neman kwafinsa a rubuce da izini da biyan kuɗi, kuma tun Yulin 2022 ana nuna wasu jawaban hukunci a talabijin. Daga nan ka buɗe jadawalin laifin, ka nemo mataki da rukuni, ka bi lissafin baya-baya: ka mayar da rangwamen amsa laifi, ka ga ko adadin ya faɗa cikin iyakokin da aka gindaya.

Idan ya faɗo ƙasa da su ba tare da dalili ba, akwai hanya. Dokar Shari'ar Laifuka ta 1988 ta ba Antoni Janar ikon miƙa hukuncin da ya yi sassauci fiye da kima ga Kotun Ɗaukaka Ƙara. Kowa na iya neman a duba, ba sai wanda abin ya shafa ba, kuma ƙorafi ɗaya ya isa. Ana aika wa ofishin Antoni Janar sunan wanda aka hukunta, da kotun, da ranar, da laifin, da hukuncin. Sharuɗɗan ne masu tsauri. Sai hukuncin Kotun Crown, na majistare ba ya ciki. Sai laifukan da ke cikin jerin: kisa ta hanyar tuƙin ganganci yana ciki, tuƙin ganganci zalla ba ya ciki. Wa'adin da aka daɗe ana aiki da shi kwana 28 ne daga ranar hukunci, saboda haka ƙorafin da ya isa a ranar ƙarshe bai bar wa lauyoyi lokacin karanta fayil ba. Wannan yana nufin hukuncin da ka ji a shirin talabijin ya riga ya wuce gyara, tunda ana nuna shi ne watanni bayan an gama. Hanyar tana amfani ne ga shari'ar da ka karanta a labaran wannan mako.

Ma'aunin kotun kuma ba shi ne ko hukuncin ya yi sauƙi ba. Sai ya fita daga duk abin da alƙali mai hankali, da ya duba komai, zai iya ganin ya dace. Shari'ar ɗan sanda Andrew Harper ta nuna tsaurin wannan ma'auni. An ja shi a bayan mota har ya rasu a yankin Berkshire a Agustan 2019, lokacin da ya je kiran satar babur mai ƙafa huɗu. Masu taya alƙali hukunci ba su sami matasan uku da laifin kisan kai da gangan ba, sai kisa ba da niyya ba. Direban ya sami shekara 16, sauran biyun 13 kowanne. Antoni Janar ta lokacin, Suella Braverman, ta je kotu da kanta ta nemi a ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi a Disamban 2020, ta ce alƙalin bai fita daga jadawali ba. Canjin ya zo ne ta majalisa, bayan fafutukar da matarsa ta jagoranta: dokar 2022 ta wajabta ɗaurin rai-da-rai ga wanda aka samu da irin wannan kisa a kan ma'aikacin agajin gaggawa da ke bakin aiki, sai in akwai wani dalili na musamman. Ga laifukan da iyakarsu ce ta yi ƙasa, kamar tuƙi bayan hani, wanda ke zaune a Birtaniya zai rubuta ne ga ɗan majalisar mazaɓarsa, ko ya ba da ra'ayi lokacin da Majalisar Tsara Hukunci ta buɗe sabon jadawali don jin ta bakin jama'a, abin da take yi kafin ta tabbatar da kowanne.